Batir Na Ɗaya Yana Hutu

Shekara talatin ina sayar da tabarau a Tanga, garinmu na bakin teku, ina gyara wa mutane gani, da na rufe shago kuma sai na sayi jirgin ruwa. Matata Mwantumu ta ce wannan kaɗai ya isa shaida cewa duk tabarau ɗin da suka bi ta hannuna babu wanda ya dace da idona.

Jirgin ƙarami ne, fari, mai doguwar sanda ɗaya da ƙyallaye biyu da iska ke turawa, da ɗan injin dizal na shiga gaɓa da fita. A hannun wani Bajamushe na saye shi, Detlef, wanda ciwon gwiwa ya hana hawa da sauka, zai koma ƙasarsu. Na so in sa wa jirgin sunan matata ko ranta ya yi sanyi. Ta ce, "Wato ran da ya nutse a ce Mwantumu ta nutse? Nemi wata." Sai na bar shi da sunansa na Jamusanci, wanda har yau ban iya faɗa ba.

Ranar da Detlef zai miƙa mini makulli, ya ɗaga murfin wani akwati a ƙarƙashin matakala ya nuna mini batura biyu, baƙaƙe, a jere. Sannan ya ɗora hannuna a kan wani jan makunni mai juyawa, mai tasha huɗu: ɗaya, biyu, duka, kashe.

"Na Ɗaya na tayar da inji ne kawai," in ji shi. "Na Biyu na gida ne, fitila da firij da rediyo. Ka tayar da inji a kan ɗaya. In ya tashi ka juya zuwa duka, su biyun su sha caji. In ka kashe inji ka koma biyu. Kuma kada ka kuskura ka bi ta kan kashe alhali inji na aiki, sai ka ƙona altaneta, na'urar da ke ba batura caji. Solar nan ta bayan jirgi kuwa Na Biyu kaɗai take ciyarwa. Ka gane, Mbwana?"

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin. Matsalata ita ce ni ba a ba ni shawara in bar ta yadda take, sai na yi mata kwaskwarima. Tun a hanyar gida na fara tunani. In dai Na Ɗaya shi ne mai ceton rai, don me za a riƙa wahalar da shi kullum? Turawa ba su san tattali ba. Wa ke zuwa kasuwar kifi da rigar Sallah? Na Biyu yana da sola, yana da inji, to ya yi aikin duka. Na Ɗaya kuwa a bar shi sabo dal har ranar da ta ɓaci. Ajiya maganin wata rana.

Haka na yi. A kan biyu nake tayarwa, a kan biyu nake caji, a kan biyu nake kwana in tashi. Jan makunnin nan ya kafe a wuri ɗaya har gishirin teku ya yi masa fari. Na Ɗaya kuwa duk Juma'a sai na goge shi da tsumma, in shafa wa kawunansa giris, in ɗan bubbuga shi kamar ragon layya. A inuwar da muke shan gahawa kusa da tashar jirage, duk wanda ya yi gangancin tambayata lafiyar jirgi sai ya sha karatu. Kullum da magana ɗaya nake rufewa: "Na Ɗaya yana hutu." Har ta kai in na doso sai wani ya ce, "Ga mai hutu nan." Ni kuma ina ɗauka yabo ne. Damina biyu aka yi a haka.

Sai auren Sudi ya taso, ɗan Kombo, yayan matata, wanda nake ce wa Shemeji kamar yadda ake kiran ɗan'uwan mata a nan. Kombo ɗan kasuwar atamfa ne, mai tumbi da murya, wanda tun ranar da na je neman ƙanwarsa yake kallona kamar na taka masa tabarma da takalmi. Amaryar 'yar Pangani ce, garin da ke kudu da mu a gaɓar teku, gidansu a bakin kogi, tsofaffin masu gari da ba su cika ganin kowa da gashi ba. Mwantumu ce gwaggon ango, ita za ta miƙa akwatunan lefe da hannunta.

Ana cikin shirin hayar bas na yi gyaran murya.

"Ku bar sauran mata su bi bas. Akwatuna da gwaggon ango su bi ruwa. Mu shiga kogi da farin ƙyalle a buɗe, mu tsaya a ƙofar gidansu. Mutanen Pangani sai sun shekara suna labari."

Kombo ya yi dariya har hularsa ta karkace. "A wannan kwanon wankan naka?"

"Kwanon wankan yana da firij, Shemeji. Bas yana da shi?"

Na zaci Mwantumu za ta kashe maganar, sai na ga tana juya zoben hannunta. Ta tuna jar ƙasar hanyar nan da gargadarta, ta kuma tuna surukan da za ta tarar. Ta ce, "Baban Zuhura, ka tabbata za mu isa kafin azahar?"

"Da saura ma."

"To ni ma zan bi," in ji Kombo. "Ba na barin kayan ɗana a hannunka. Ma gani a ruwa."

Muka tashi bayan asuba. Na Biyu ya tayar da inji bugu ɗaya, muka fita daga gaɓa, na ɗaga ƙyalle na kashe inji. Iskar arewa ta tura mu ta baya kamar an aiko ta. Ruwa shuɗi, gaɓa tana wucewa ta dama da itatuwan kwakwarta. Da rana ta fara cizo na ɗaure wata babbar rumfar tamfol tun daga sanda har ƙarshen jirgi, don kada baƙina su sha zafi. Na tsaya na kalli aikina, na yaba wa kaina.

Kombo ya fara da jona wayoyinsa biyu. Sai ya fito da sifika ya saki waƙar taarab ta mutanen gaɓa. Firij yana ta gurnani a cike da lemo da jatan landen da za a kai wa surukai. Can ya tambaya ko akwai halin shayi, na jona masa butar lantarki a inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, ko da yake ga murhun gas nan a gefe. Ina so ya gani ne. Mwantumu ta leƙo daga ciki riƙe da dutsen guga.

"Rigata ta yamutse a jaka. Wutar za ta ɗauka?"

"Goge har da ta maƙwabta."

Ta goge riga, ta goge mayafi, ta ga gugar tana kyau ta karɓi rigar yayanta ma. Ina kallon allurar mitar batir tana sunkuyawa, kuma wallahi daɗi nake ji. Damina biyu ina jiran ranar da Na Biyu zai kasa a gaban shaidu, kuma duk duniya babu shaidan da na fi so kamar Kombo.

Mun hango Pangani rana na tsaka, fararen gidaje a bakin kogi. A nan iska ta ɗauke. Ba raguwa ta yi ba, ɗaukewa ta yi ɗif, ƙyalle ya saki jiki kamar wankin da aka shanya a ɗaki. Ga ruwan kogi yana fitowa da ƙarfi saboda teku ta fara janyewa, yana tura mu baya a hankali. Na sauke ƙyalle na murɗa makulli.

Ƙas. Ƙas-ƙas. Shiru.

Kombo ya rage sautin waƙa. "Me ya faru, direba?"

Na miƙe tsaye. Har rigata na gyara.

"Shemeji, Maman Zuhura, ku matso ku ga bambancin mai jirgi da mai tunani. Na Biyu ya gaji, kun sha shi da guga da shayi, kuma halal ɗinku ne. Wani a nan zai fara kuka. Ni kuwa ina da wanda bai taɓa ɗaga ko tsinke ba."

Na kama jan makunnin. Ya ƙi juyawa saboda gishiri, sai da na sa hannu biyu na yi nishi. Ya faɗa kan ɗaya. Waƙa ta yanke, firij ya yi tsit. Na yi bismillah da ƙarfi na murɗa makulli.

Ko tari bai yi ba. Na Biyu aƙalla ya ce ƙas. Wannan ko fitilar mita bai kunna ba, allura tana kwance a ƙasa kamar an yi mata rasuwa. Na sake murɗawa. Ruwa yana ɗan bugun cikin jirgi, shi kaɗai ake ji.

"Ko a tashe shi a hankali ne," in ji Kombo, "tunda hutu yake?"

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ba ni kunya, don hannuna na kan makunni zuciyata na cewa kada ka yi. Na juya zuwa duka, wai su haɗa ƙarfi. Haɗa randa mai ɗan ruwa da busasshiya ke nan. Ɗan abin da ya rage a Na Biyu ya fara kwarara cikin Na Ɗaya, na murɗa makulli, yanzu ko ƙas ɗin ma babu. Na yi maza na mayar kan biyu, na kashe duk abin da ke jan wuta, na ruga gaba na jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, kafin ruwa ya kai mu tsibirin Pemba.

Da na dawo na tarar Mwantumu tsaye a bakin matakala cikin gogaggiyar rigarta.

"Yi mini bayani," ta ce. Muryarta a kwance, wadda na fi tsoro.

Na zauna. A lokacin kaina ya waye tas, irin wayewar da ba ta da amfani. Na ce batir ba riga ba ne. Ko a ajiye yake yana zubar da wuta kaɗan-kaɗan, in ba a ciyar da shi ya mutu a kwance. Ni kuwa ban taɓa juya makunni ya sami ko ɗigon caji ba, sola kuma ba ta san da zamansa ba.

Ta dube ni ta dubi akwatin batura. "Wato damina biyu kana shafa wa gawa mai?"

Kombo ya kwanta a kan benci yana dariya yana riƙe ciki, har ya ƙware.

Na ce akwai mafita. Rana tana nan, sola za ta farfaɗo da Na Biyu in an ba ta lokaci. Na juya in nuna musu ita, sai na ga inuwa. Rumfar da na ɗaure da hannuna ta lulluɓe ta tun hantsi, ko ƙyallin rana bai taɓa ta ba. Na hau kwance igiya. Rana ta sauko mana a ka kamar an kifa tukunya.

Wayar Mwantumu ta fara ƙara. Matan bas sun isa, an shimfiɗa musu tabarmi, surukai sun taru, babu akwati ko ɗaya.

"Ga mu nan," ta ce da fara'a a murya, idonta a kaina. "Muna ganin garin ma."

Ba ƙarya ta yi ba. Aka sake kira, ta ce muna ganin garin. A kira na uku na ji muryar wata daga nesa tana cewa, "Mu ma muna ganinku, ai ba kwa motsi!"

Allah ya kawo wani kwalekwalen masunta mai ɗan inji a baya, suna dawowa daga kamu. Tsohon da ke riƙe da injin ya rage gudu ya yi sallama. "Lafiya, masu jirgi?"

"Lafiya lau," na ce. "Muna ɗan shan iska ne."

"Wace iskar?" in ji Kombo.

Mwantumu ta ture ni gefe. "Baba, ba lafiya ba. Lefe ne a jirgin nan, ana jiranmu a gari. Don Allah ka taimaki 'yarka."

Tsohon ya ce ɗan injinsa ba zai ja jirgina ya haura wannan ruwan ba, amma zai ɗauki kaya da mutum. Ya dubi akwatunan ya dubi Kombo, ya ce ko dai akwatuna ko dai Alhaji, ba duka ba. Mwantumu ta sa aka shimfiɗa tamfol ɗina a kan kifin, aka jera akwatuna aka naɗe su ruf. Ta tattare rigarta ta sauka, ta zauna a kan na sama kamar sarauniya. Kafin su ja ta ɗago kai.

"Yaya, zauna ka tsare shi. Kada ka bari ya ƙara yin tunani."

Suka tafi da ita, da tamfol, da sauran inuwar da muke fatan samu.

Muka rage ni da Kombo da rana. Jatan landen surukai ya fara laushi a firij, na ce barinsa asara ne, na soya a murhun gas da tafarnuwa da lemon tsami. Muka ci da hannu daga kasko, muka kora da lemo mai ɗumi. Kombo ya lashe yatsu ya ce aƙalla na iya abu ɗaya.

Daga nan ya fara damuna. "Gwada mana."

"Tukuna."

Bayan ɗan lokaci, "Allurar ta motsa, na gani. Gwada."

"Shemeji, bugu ɗaya gare mu. In na murɗa bai tashi ba, abin da rana ta tara ya tafi, sai kwana a nan."

Can wayar Kombo ta mutu, ta biyun ma ta nuna ja. Ya miƙo mini waya da caja kamar yadda ya saba miƙo mini komai shekara da shekaru, ba tare da ya dube ni ba.

Na ce, "A'a."

Ya ɗago. "Me ka ce?"

"Na ce a'a. Ko limamin Tanga ne ba zai jona komai a jirgin nan ba sai inji ya tashi."

Tunda na auri ƙanwarsa ban taɓa ce masa a'a ba. Ya daɗe yana kallona, gumi na bin wuyansa, sannan ya mayar da wayar aljihu. "Ashe kana da baki," ya ce. "Sai da ka kashe batir biyu ya buɗe."

Rana ta fara karkata, haskenta ya daina faɗa wa sola sosai. Na kwance ƙusoshin da suka riƙe ta na karkato ta, amma babu abin tokarewa. Kombo ya yi tsaki, ya naɗe hannun rigarsa da aka goge, ya zauna ya ɗora ta a gwiwa yana fuskantar yamma. Uban ango ke nan, babban ɗan kasuwa, riƙe da faranti yana roƙon rana. In jirgi ya juya shi ma ya juya. Wani tsuntsun teku ya zo zai sauka a kai, ya daka masa tsawar da na tabbata an ji a Pangani. Ni na fara yin la'asar, sannan na karɓe shi ya yi tasa, ya daɗe a sujadar ƙarshe fiye da yadda na san shi.

Da ya sallame na duba mita. Allurar ta ɗago, ba sosai ba, kamar majinyacin da ya fara karɓar kunu. Ruwa ma ya juya, teku ta fara cikowa.

"Yanzu," na ce. Wannan karon ban miƙe tsaye ba, ban yi jawabi ba. Na yi bismillah a zuci.

Injin ya ja da ƙyar, ya ja, ya yi kamar zai fasa, sai ya yi tari ya tofar da baƙin hayaƙi ya kama. Kombo ya yi kabbara ya rungume ni da sola a tsakaninmu. Hannuna ya nufi makunni don in tabbatar yana kan biyu, ya make shi.

"Kada ka taɓa komai! Ko hancinka kada ka sosa!"

Muka shiga kogi rana ta yi ja. Ba ƙyalle a buɗe, ba guɗa. A gaɓa akuya biyu muka tarar da wani mutum yana wankin babur, shi ma bai ɗago ba.

A gidan amarya an gama komai tuni. Ashe masuntan nan da suka doshi gari sai suka hau kiɗa da jarkokin mai suna waƙar biki, mutane suka fito bakin kogi, mata suka yi ta guɗa, aka sauke gwaggon ango daga kan kifi kamar an ɗauko ta daga birnin Maskat na Larabawa. Surukai suka ce ba a taɓa kawo lefe da armashi haka ba. Mwantumu ta sami shigar da take so, amma ko kallon inda nake ba ta yi ba. Kakar amarya, wata 'yar tsohuwa mai lalle har gwiwar hannu, ta sa aka kira ni gabanta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne mai batirin da ke hutu?"

"Ni ne, Kaka."

"Allah ya jiƙansa," ta ce, mata suka kwashe da dariya. Ta sa aka kankaro mana ƙanzon shinkafa daga gindin tukunya, don shi kaɗai ya rage. Kombo ya ce shi ya ƙoshi, bai faɗi da me ba, ni ma ban faɗa ba.

Washegari na samo batirin mota a wajen wani mai kayan gyara, na ɗauko shi a kafaɗa zuwa gaɓa, na cire mamacin na ɗaura sabo. Mwantumu ta bi bas, ta ce ko a mafarki ta ga ruwa za ta farka. Ina kwance igiya ni kaɗai sai na ji ana huci a bayana. Kombo ne, da fulas ɗin shayi a hammata da lema a hannu, hancinsa duk ya saɓule saboda rana.

"Bas ya cika ne, Shemeji?"

"Akwai wuri. Ƙanwata ce ta ce in biyo ka, a sami mai nuna inda ka nutse." Ya miƙo mini fulas ya hau da ƙyar, jirgi ya karkata. Ya zauna daf da jan makunnin ya buɗe lemarsa, sai ya dubi sola ya matsa gefe don kada ya yi mata inuwa.

"To, direba. A kan nawa muke?"

"Ɗaya."

"In ya tashi fa?"

"Duka."

"Murɗa mu ji. Shayin nan kuma a gida aka dafa shi, kada ka ce za ka ɗumama mini."